Gyaɗa, Kanwa da Takin Zamani

Mu duba kayan da a kan kasa a kasuwar Shinkafi. Ga gyaɗa, ga auduga, ga man shanu. Can gefe kuma ga gishiri da kanwa. Masana kimiyyar sinadarai sun raba su kashi biyu.

Mu sa ƙwayar gyaɗa a wuta. Za ta kama, ta yi baƙi, ta zama gawayi. Auduga ma haka. Gishiri kuwa sai dai ya yi ta fashewa, ba ya zama gawayi. Kashin farko a kan kabon a ka gina su, watau asalin gawayi. Sunansu oganik. Kashi na biyu, dangin ƙasa da dutse, su ne inoganik.

Da can masana sun zaci mai rai kaɗai ke iya yin oganik. Sai a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, ita da a ka sani cikin fitsari. Ita ce yuriyar da mu ke zuba wa dawa.

To, kowane abu ƙwayoyin zarra ne su ka haɗu. Waɗansunsu kan tafi tare kamar ayarin fatake, a sauka tare, a tashi tare. Irin wannan ayari shi ne radikal. Na cikin kanwa kabon 1 ne da oksijin 3. Shi ne kuma cikin toka da ɓawon ƙwai. (Kun ga kanwa ma tana da ɗan kabon, amma cikin inoganik a ke lissafa ta.) In uwargida ta jefa kanwa a miyar yakuwa, tsami kan watsa ayarin, iska ta fita. Kumfar da mu ke gani ke nan.

Nan ya kamata manoman Zurmi da Ƙaura su kasa kunne. Takin zamani da yawa suna da wani ayari, amoniyam, naitirojin 1 da haidirojin 4. Naitirojin ɗin shuka ke so. In mu ka gauraya shi da toka ya jiƙe, toka ta fizge haidirojin ɗaya, sauran su tashi sama da warin fitsari. Kuɗinmu ne ke bin iska. Toka taki ce mai kyau, amma mu zuba ta tun kafin shuka. Na buhu kuwa mu tona mu binne shi.

Gobe kowa ya zo da ɗan gutsuren kanwa da lemon tsami, mu gwada.