DARASI NA TARA: BITAMIN C DA LAFIYAR JIKIN ƊAN'ADAM

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, lafiya uwar jiki. Daga cikin abubuwan da lafiya ta dogara a kansu akwai sinadaran bitamin, waɗanda jiki ke bukata kaɗan kaɗan. Wannan darasi zai yi bayani a kan bitamin C da aikinsa da illar rashinsa da kuma hanyoyin samunsa.

2.0 Aikin Bitamin C a Jiki

Dabbobi da yawa, kamar akuya da saniya, jikinsu ne ke sarrafa musu bitamin C. Jikin ɗan'adam kuwa ba ya iya sarrafa shi, kuma ba ya ajiye shi da yawa, domin yana narkewa a ruwa, rararsa ta fita ta fitsari. Saboda haka tilas a riƙa samun sa daga abinci a kai a kai.

Babban aikinsa shi ne taimaka wa jiki wajen gina kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata da dasashi da guringuntsi da jijiyoyin jini. Shi ya sa rauni ba ya warkewa da kyau idan babu shi. Haka kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyaye, wanda rashinsa kan jawo ƙarancin jini.

3.0 Illar Rashinsa

Idan mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku bai sami bitamin C ba, sai cutar sikabi ta bayyana. Takan fara da kasala da ciwon gaɓoɓi, sannan dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi. In ba a magance ta ba, tana kisa.

Cutar ta daɗe tana hallaka matuƙan jiragen ruwa na Turai, waɗanda kan yi watanni a teku ba su ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba. A shekarar 1747, wani likita ɗan Sikotland, James Lind, ya raba majinyata 12 gida shida, ya ba kowane gida magani dabam. Biyun da ya ba lemon zaƙi da na tsami su ne suka farfaɗo. A 1795 rundunar ruwa ta Birtaniya ta fara raba ruwan lemon tsami ga sojojinta. Masanin ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, shi ya ware sinadarin, ya kuma sami lambar Nobel a 1937. Cutar ba ta tafi da zamanin jiragen ba, domin ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira na Somaliya da Habasha da Sudan a shekarun 1980, inda abincin agaji ya kasance hatsi da mai da wake.

4.0 Hanyoyin Samunsa

A ma'aunin hukumomin lafiya na Amurka, namiji baligi na bukatar miligiram 90 a rana, mace kuma 75. Giram 100 na lemon zaƙi na ɗauke da kimanin miligiram 50, na gwaiba kuwa ya haura 200. Ana kuma samun sa a gwanda da mangwaro da yazawa da tumatir da tattasai da ganyen zogale da garin 'ya'yan kuka.

Sai dai zafi da iska suna lalata shi. Busasshen ganye da miyar da ta daɗe a kan wuta sun rasa mafi yawansa, kanwa ma tana ƙara lalata shi. Don haka gidan da ya dogara ga tuwo da busasshiyar miya da rani yana bukatar ƙarin ɗanyen abu a gefe.

5.0 Shan Sa Fiye da Kima

A 1970 masanin kimiyya Linus Pauling ya yaɗa ra'ayin cewa shan bitamin C da yawa na hana mura. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba ya hana yawancin mutane kamuwa da ita, sai dai masu shan sa kullum murarsu kan ɗan rage kwanaki. Wuce miligiram 2,000 a rana kuma na iya jawo gudawa da murɗawar ciki, kuma yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga wasu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa abin da jiki ke nema shi ne kaɗan na kullum, kuma gwaiba ɗaya ta wadatar da bukatar yini. Malamin da ya fahimci haka zai iya gargaɗin iyaye idan ya ga ɗalibi da dasashi mai jini, su kai shi asibiti, su kuma gyara abincinsa.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ɗan'adam ke bukatar bitamin C daga abinci, akuya kuwa ba ta bukata?
2. Bayyana gwajin James Lind a taƙaice.
3. Kawo abubuwa uku da ke lalata bitamin C wajen sarrafa abinci.