Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ɗakina Ke Warin Danshi Duk Damina?

Tambaya: Ina zaune a gidan haya, ciki da falo. Da zarar damina ta kankama sai bangon bayan wadirof ya yi baƙi, tufafi su riƙa wari, takalma har funfuna suke yi. Bara mai gidan ya sa an yi fenti, bana abin ya dawo. Ƙaramin ɗana kuma ba ya rabuwa da tari da daddare. Ta yaya zan gane ko rashin iska ne ko ginin ne ke da matsala? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Allah ya ba yaro lafiya. Fentin da aka yi bara bai yi amfani ba domin an rufe tabon ne kawai, ruwan da ya haifar da shi yana nan. Kafin a sake kashe ko kwabo, sai an gano ta inda ruwan yake zuwa: ko daga ƙasa yake hawowa, ko daga rufi da bango yake shigowa, ko kuma a cikin iskar ɗakin yake taruwa.

Fara da duba tabon kansa. Idan daga gindin bango ya taso, ya tsaya wajen tsayin mita ɗaya ko ƙasa da haka, filasta tana ɓarɓashi, ga wani farin gari kamar gishiri a jiki, to ruwan ƙasa ne bulo ke tsotsa. Hakan na faruwa idan magina ba su shimfiɗa leda ko abin tare danshi a kan harsashin gini ba, ko kuma an yi ta cikon layi har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanninmu. Leƙa bayan ɗakin ki gani: shin kwata na bin jikin bangon? Indararo a gindinsa yake zuba? Idan kuwa tabon daga sama ya gangaro, ko silin ya yi zane mai ruwan ƙasa-ƙasa, to kwano ne ke yoyo, aikin kafinta ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba miki gardama. Ki goge wurin ya bushe, ki yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, ki manna ta a bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan kwana 2 ki ɓare. Idan ɓangaren da ke manne da bango ne ya jiƙe, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Idan bayan ledar ne ya yi raɓa, to iskar ɗakin ce ta yi nauyi da danshi.

Yadda kika kwatanta, baƙi a bayan wadirof da funfuna a takalma, na fi zargin iskar. Mutane ba su cika yarda cewa su da kansu suke zuba ruwa a iskar ɗaki ba, amma haka abin yake. Babban mutum ɗaya yana fitar da abin da ya kai cikin kofi na ruwa ta numfashi da gumi kafin gari ya waye. Lita ɗaya ta kananzir idan ta ƙone a risho tana sakin kusan lita ɗaya ta tururin ruwa, gas ɗin girki ma yana saki. Ƙara da wankin da ake shanyawa a ɗaki saboda hadari, sannan a rufe tagogi ruf don gudun sauro da ɓarayi. Wannan ruwan dole ya sami wurin sauka, sai ya sauka a lungun da iska ba ta ratsawa.

Taga ɗaya ba ta wadatar da ɗaki, domin iska tana buƙatar mashiga da mafita. Ki buɗe taga da ƙofa kamar yadda kika saba, ki kunna turaren wuta kaɗan a tsakiyar ɗaki, ki lura da hayaƙin. Idan ya kama hanya ya fice, iska na ratsawa. Idan ya tsaya yana shawagi a ƙarƙashin silin, ba ta ratsawa. Haka nan, idan kika fita tsakar gida da asuba kika dawo kika ji ɗakin ya yi miki nauyi a hanci, wannan ma shaida ce. Wanda ke da hali yana iya sayen ƙaramar na'urar auna danshin iska. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari shi ne daidai, idan kuwa ya daɗe sama da 70, funfuna ta sami wurin zama. A watan Agusta iskar waje ma jiƙaƙƙiya ce, don haka lokacin buɗe ko'ina shi ne da rana ta take, a haɗa da fanka in akwai wuta.

Abin da ke hannunki tun yau: ki janye wadirof daga bango kamar taƙi ɗaya, ki ɗaga katifa daga ƙasa, ki riƙa fitar da ita rana. Ɗaga ledar tsakar ɗaki ki duba ƙarƙashinta, sau da yawa warin daga nan yake. A sa wa tagogi raga mai kyau domin a iya barinsu a buɗe da dare, kuma a riƙa wanke ragar, don ƙurar da ta toshe ta tana hana iska wucewa. Funfunar bango ki wanke ta da ruwan sabulu ko bilic da aka sirka da ruwa, da takunkumi a fuska, yaro ba ya ɗakin. Kada ki haɗa bilic da wani sinadarin wanke ban-ɗaki, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Gawayi mai ci da janareta kuwa kada su kwana kusa da inda ake barci, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Sauran aikin na mai gida ne. Ki nuna masa sakamakon gwajin ledar, ki roƙi a fasa ƙaramar kafar iska can sama kusa da silin a bangon da ke fuskantar tagar, tunda iska mai zafi sama take tashi. Idan ya ce zai manna tayil a gindin bango, ki sanar da shi cewa danshin da ke hawowa daga ƙasa zai tsallake tayil ɗin ya ɓullo ta samansa, sai dai a kawar da ruwan daga jikin ginin tukuna.

Batun yaro shi ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da funfuna a gidaje a 2009, inda ta danganta su da tari, shessheƙar numfashi da tsanantar asma. Tarin da ke tashi da dare yana cikin alamomin asma a yara, saboda haka kada ki jira damina ta wuce. Ki kai shi asibiti a wannan makon, ki gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki, kafin nan kuma ki mayar da shimfiɗarsa falo, nesa da wancan bangon.