Lambar Da Ba Ta Barin Saura

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, na rubuta wa 'yan aji shida 2520 a allo, na ce su raba ta da kowace lamba daga 1 zuwa 10. Suka raba, ba su sami saura ko sau ɗaya ba. Sai wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, me ya sa?" Na yi tsuru-tsuru, don kuwa ban shirya wannan ba. Ga abin da na koyo bayan na sha kunya, ko ya amfani 'yan'uwana ɗalibai.

A ce mutum yana da goro 2520. Nusufinsa 1260 ne, sulusi 840, rubu'i 630, humusi 504, sudusi 420, subu'i 360, sumuni 315, tusu'i 280, ushiri 252. Ba inda za a fasa goro ko ɗaya, kuma babu lambar da ta gaza ta da za ta yi haka.

To, ga dalili. In ka yi 8 sau 9 sau 5 sau 7, 2520 za ka samu. Cikin 8 akwai 2 da 4, cikin 9 akwai 3. Shida kuwa 2 sau 3 ce, goma 2 sau 5 ce, watau duk suna ciki. Amma 11 ba ta ciki, shi ya sa in ka raba da ita sai 1 ya saura. In ka yi 2520 sau 11 ka sami 27,720, wadda ke rabuwa daga 1 har 12.

Wajen jinsi kuwa, 2520 cika ce, ba mara ba. Lambobi 48 ke raba ta daidai, ba kuwa wata ƙasa da ita da ke da masu raba ta da yawa haka. Wani masanin lissafi ɗan Indiya, Ramanujan, ya yi rubutu a kan irin waɗannan a 1915.

In kana so yara su riƙe ta, ce musu kwana 7 na mako sau kwana 30 na wata sau wata 12. Amma kada ka shiga aji da abin mamaki sai ka riƙe dalilinsa, gama yaro zai tambaya.