Buɗe Magudanar Zuciyarka

Karatu: Zabura 32:1-7, Ibraniyawa 12:14-15
Ayar haddacewa: 1 Yohanna 1:9

A wasu jiragen kamun kifi akwai akwatin ruwa inda ake zuba kifin da aka kama domin ya kai gaɓa da ransa. Famfo yana jawo sabon ruwa zuwa cikin akwatin, tsohon ruwa kuma yana fita ta wani ɗan bututu. Idan ɓawon kifi, ciyawa ko yashi suka toshe bututun nan, akwatin zai cika ya malala cikin jirgi. Idan kuwa masunci ya kashe famfo ya bar shi haka, ruwan zai ƙazantu, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, kifin ya mutu. Wahalar dare guda ta tafi a banza.

Mu mazauna Kawukudi, Nima da Maamobi mun san wannan abu. Babbar kwatar Nima tana kai ruwa zuwa kogin Odaw. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobara a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle sun hallaka mutum fiye da 150, kuma toshewar magudanai da shara na cikin dalilan ambaliyar. Leda ɗaya ba ta toshe kwata, amma yau ɗaya, gobe ɗaya.

Haka zuciyarka take. Kana sauraron Maganar Allah a rediyo, kana zuwa sujada, albarka tana shigowa. Amma ina mafitar fushi, ƙiyayya da zunubin da ka ɓoye? A Zabura 32 Dawuda ya nuna yadda jikinsa ya raunana sa'ad da ya yi shiru da laifinsa, sai da ya furta shi ya sami gafara.

Ga yadda masunci yake gyara, ka koyi darasi:

1. Yana tsayar da famfo tukuna. Kai ma ka keɓe lokaci ka natsu a gaban Ubangiji, ka bar Ruhu Mai Tsarki ya bincike ka.

2. Yana cire rariyar bakin bututu ya wanke ta. Ka ambaci zunubinka da sunansa a gaban Allah, kada ka rufe shi da hujja.

3. Idan toshewar ta yi nisa, yana turo ruwa da ƙarfi daga waje. Akwai dattin da hannunka ba zai kai ba. Jinin Yesu Almasihu ne kaɗai yake tsarkake shi.

4. Yana kunna famfo ya ga ko ruwa yana wucewa. Gwajinka shi ne ɗan'uwan da kuka ɓata. Bisa ga Matiyu 5:23-24, sulhu yana gaba da baiko. Ka je wurinsa tun yau.

Kada ka jira sai damina. Ɗacin rai da aka bari yakan ɓata gida, ya ɓata ikkilisiya.

Tambaya: Wane ne ba ka gafarta masa ba har yanzu?

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini abin da ya toshe zuciyata. Ka wanke ni, ka ba ni ƙarfin yin sulhu da ɗan'uwana. A cikin sunan Yesu, Amin.