Maganin da ke taimaka wa tsakuwar ƙoda ta fita

Wani mai sauraro yana tambaya ko akwai maganin da zai fitar da tsakuwar ƙoda ba tare da tiyata ba.

Amsa ita ce akwai, amma girman tsakuwar ne ke yanke hukunci. Wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi takan bi fitsari da kanta, wadda kuma ke tsakanin milimita 5 da 10, idan ta maƙale a ƙasan bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ita ce likita ke rubuta wa tamsulosin, miligram 0.4 a kullum, maganin da ke sassauta naman bututun har hanya ta buɗe. Ba ya narkar da tsakuwa, kuma yakan sa jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. Diclofenac kuma yana kwantar da murɗar da tsakuwar ke jawowa, sai dai bai dace da mai gyambon ciki ko raunin ƙoda ba.

Jiran fitar tsakuwar bai kamata ya wuce mako 4 zuwa 6 ba. Idan kuwa aka samu zazzaɓi da rawar sanyi ko tsayawar fitsari, a garzaya asibiti nan take.