Yadda A Ke Farfaɗo Da Ƙungiyar Karatu

Cikin zangon da ya wuce aka aike mu daga Kwalejin Ilimi ta Azare zuwa makarantun ƙasar Katagum, domin mu gwada aikin koyarwa. Ni aka kai ni wata makaranta kusa da garin Azare. Ran da na isa, Hedimasta ya danƙa mini mabuɗin wani kabad, ya ce, "Malam, ga Ƙungiyar Karatu. Da can yara fiye da 30 ke cikinta, yanzu saura 4. In zango ya ƙare ba su kai 15 ba, zan rufe ta, in zuba alli da rajista cikin kabad ɗin." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Abin da na koya shi na ke so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai, gama kowannenmu wata rana zai karɓi irin wannan mabuɗi.

Kuskurena na fari

A makarantar mishan inda na yi karatuna na fari, da an buga ƙararrawa sai kowa ya hallara. Na zaci haka abin ya ke ko'ina. Saboda haka na yi shela wurin taron safe, na kuwa yi alkawarin alewa. Ran Litinin yara 40 suka zo, na tsaya na yi musu jawabi a kan amfanin karatu har kusan sa'a guda. Mako na biye 6 kaɗai na gani.

Malamai suka ce laifin wayar hannu ne, wai yaran zamani ba su son littafi. Na kusa yarda, sai na ce bari in tambayi waɗanda suka gudu. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ce, "Malam, mun zo, amma ba a ba mu kome ba sai benci. Su huɗun nan su ke riƙe da littafi, su ke karantawa, in ka yi tuntuɓe su yi maka dariya." Wani yaro kuma ya ce, "Malam, ran Litinin da la'asar muna makarantar allo." Na ji kunya ƙwarai, don ban ko tambayi lokacin da ya dace da su ba.

Daga nan na gane ƙungiya ba ta mutuwa don rashin shela. Tana mutuwa ne sa'ad da tsofaffin 'ya'yanta suka mai da ita tasu su kaɗai, baƙo ya zo ya rasa abin yi.

Darasi daga Bauchi

A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi. Cikin manyanta akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, na biyun da na ukun malamai ne a Makarantar Midil ta Bauchi. Sukan taru su ɗauki batu guda su yi muhawara a kai, har Turawan mulki sukan zo. Ba su raba alewa ba, amma mutane suka yi ta zuwa, domin abin da a ke tattaunawa ya shafi zamansu, watau sha'anin mulki da ilimi da haraji. Ba rashin jama'a ya kashe ta ba, hukuma ce ta tsai da ita da maganganu suka yi zafi. Na ce a raina, ashe mutum yakan je inda a ke maganar abin da ya dame shi, inda kuma za a saurari bakinsa.

Abin da muka yi

1. Muka sāke rana. Makarantun allo suna hutu ran Alhamis da Jumma'a, saboda haka muka koma Alhamis da la'asar. Taro ba ya wuce minti 40, ana tashi tun yara suna son ƙari.

2. Na kira tsofaffin huɗun nan a keɓe, ban yi musu faɗa ba, gama su suka riƙe ƙungiyar sa'ad da kowa ya watse. Na ce kowa ya kawo ƙane ko ƙanwa guda, ya zauna kusa da shi, ya taimake shi in ya yi tuntuɓe. Muka kafa doka guda tak: ba a yi wa mai karatu dariya. Ɗayansu ya yi fushi ya daina zuwa, sai bayan mako uku ya komo da kansa.

3. Kowane baƙo aka ba shi aiki tun ran da ya fara zuwa. Wannan mai riƙe mabuɗi, wannan mai kiran suna, wannan mai duba lokaci, wancan mai liƙe littattafan da gara ta taɓa. Yaron da ya san in bai zo ba za a rasa mai buɗe kabad, ba ya fashi.

4. Muka ba littattafan tarihinsu. Cikin kabad akwai Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar. Na gaya musu duka sun fito ne daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Da suka ji mai Shaihu Umar malamin makaranta ne a nan ƙasar Bauchi, shi ne kuma ya zama Firayim Minista a 1957, sai aka shiga rububin littafin.

5. Muka fita daga kabad muka shiga gari. Na faɗa musu Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa garin Katagum wajen 1814, Baturen nan Clapperton ya sauka can a 1824, aka kuma komo da gadon sarauta Azare a 1916. Sa'an nan na ce kowa ya je ya tambayi kakansa abin da ya ji game da wannan ƙaura, ya rubuto layi biyar. Ran Alhamis ɗin nan gardama ta kaure, kowa yana kāre maganar kakansa, har waɗanda ba su cikin ƙungiya suka cika taga.

Yadda aka ƙare

Da zango ya ƙare akwai suna 19 cikin rajista, kabad ya tsira. Amma ba lissafin ya fi faranta mini rai ba. A taron ƙarshe na zauna a bencin baya, ban ce uffan ba. Yarinyar nan da ta ce ba a ba su kome ba sai benci, ita ta buɗe taro, ta kira mai karatu, ta rufe a kan lokaci. Malami mai gwajin aiki baƙo ne, kwanansa kaɗan. In ƙungiya ta rataya a wuyansa, ran da ya ɗauki akwatinsa ran nan za ta sāke kwantawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa yara 40 suka koma 6.
2. Don me bai kamata a ture tsofaffin 'yan ƙungiya ba?
3. Rubuta ayyuka biyar da za ka raba wa sababbin shiga cikin ƙungiyar manoma ko ta wasan kwaikwayo.
4. Wane labari na garinku za ka aiki yara su tambayo wurin kakanninsu?