Kafin Ranar Raba Gado: Shawarwari Ga Magidanta

Alƙur'ani ya fayyace rabon gado a Suratun Nisa'i. Abin da ke jefa iyali cikin wahala shi ne mamaci ya tafi da sirrin dukiyarsa a cikinsa, a bar marayu da lalube.

1. Ka tanadi littafi guda ka rubuta duk abin da ka mallaka: gida, gona, rumfar kasuwa, shanun da ka ba da kiwo a ruga, adashin da kake zubi, da kowane asusu, har na OPay ko Moniepoint. Mutum biyu amintattu su san inda littafin yake.

2. Bashi shi ne abin tsoro. Bayan hidimar jana'iza, shi ake fara biya kafin wasiyya da gado. Ka rubuta wanda ke bin ka da wanda kake bi, da adadi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Kada ka manta da ajiyar mutane da ke hannunka, da ragowar sadakin matarka, da kuɗinta da ta zuba a jarinka. Sau da yawa zinarin mace ake sayarwa a yi wa gida rufi, ranar rabo kuma dangin miji su ce ba su san zancen ba. Wannan zalunci ne da takarda ɗaya za ta hana.

3. Sunan makusancin da ka cike a fom ɗin banki bai mayar da shi mai kuɗin ba. Banki zai nemi takardar shaidar mutuwa da izinin kotu na kula da dukiyar mamaci. Asusun da ya yi shekara 10 ba a taɓa shi ba kuwa, ana kwashe kuɗinsa zuwa ajiyar Babban Bankin Najeriya, karɓo su sai da zirga-zirga.

4. Iyali su riƙe layin wayar mamaci, su ci gaba da amfani da shi. In ya daɗe a ajiye kamfani zai ba wani, saƙonnin banki su bi shi. Amma cire kuɗi da katin bankin mamacin kafin rabo cin haƙƙin sauran magada ne.

5. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun amince. Nan ne gurbin agolan da ka raina, ko jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa.

6. In za ka yi wa ɗa kyautar fili, ka damƙa masa tun kana da lafiya, da takarda da shaidu. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu tana komawa cikin gado.

Malam, rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali. Ka samu malamin da ya san ilimin rabon gado, ku zauna cikin makon nan.